Ciwon da Ya Ƙi Tafiya: Zama da Ciwon Baya da Gaɓoɓi Bayan Rauni

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurari murya ba, da kuma masu son su karanta a tsanake.

Yau maganar ciwo za mu yi. Ina nufin ciwon da ke zama da mutum bayan ya samu rauni a ƙashin baya: haɗarin mota ko na babur, faɗowa daga bene wajen aikin gini, faɗowa daga bishiyar mangwaro, ruftawa rijiya, katanga ta danne mutum da damina, ko harbin bindiga. An yi jinya, an sallame ka, 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa, kowa ya ce Allah ya ƙara sauƙi ya koma harkarsa. Amma baya da ƙugu da gwiwa da kafaɗa sun ƙi yin shiru. Wata shida, shekara, shekara uku.

Ni ba likita ba ne, ina cikin masu bin layin ne. Shekara shida kenan da na karye a ƙashin baya wajen ƙugu, aka sa min ƙarafa. Yau da sanda ɗaya nake tafiya, ƙafata ta hagu kuma har gobe tana min raɗaɗi kamar an zuba mata barkono. Abin da zan faɗa na koye shi ne daga likitocin ƙashi da na fisiyo, da karatu, da hirar benci da waɗanda suka riga ni shiga wannan layi. Likitanka shi ya san bayanka, maganarsa ce a gaba.

To bari mu fara da shi kansa bayan. Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce miƙaƙƙiya. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 aka jera: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sai 5 da suka manne suka zama ƙashi ɗaya a saman ɗuwawu, da 4 na can ƙarshe, ɗan wutsiyar nan da ke zafi idan ka faɗi a zaune. Tsakanin mafi yawansu akwai faifai mai taushi da ke aikin kushin. Ta tsakiyarsu kuma akwai rami, ta nan laka ta bi, ita ce babbar wayar da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Laka ba ta kai har ƙasa ba. Tana ƙarewa ne wajen ƙashin ƙugu na farko ko na biyu, daga nan sai jijiyoyi suka barbazu kamar gashin jelar doki, kuma sunan da likitoci ke kiran su da shi kenan a harshen Latin. Shi ya sa za ka ga mutum biyu kowa ya ce "a baya na karye", ɗaya yana tafiya da ƙafarsa, ɗaya yana kan keke. Ya danganta da inda aka karye, da kuma ko laka ta taɓu. Idan ka ga an rubuta L1 ko T12 ko C5 a takardarka, harafin yanki ne, C wuya, T ƙirji, L ƙugu, lambar kuma ƙashi na nawa ne a jerin. Ka haddace naka kamar lambar wayarka, zai yi maka amfani.

Likitoci suna kiran ciwo daɗaɗɗe idan ya wuce wata uku. Kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, don an ɗauki hoto an ce ƙashi ya haɗe, to me ke zafi? Ciwo fa ƙararrawa ce. Aikinsa ya sanar da kai cewa wani wuri yana cikin haɗari. Bayan babban rauni, wani lokaci ƙararrawar ce da kanta take lalacewa. Kun san motar nan da ke kukan jiniya cikin dare ko akuya ce ta goga jikinta? To haka jijiyoyi da laka suke zama: ƙaramin abu, zama na minti ashirin, sanyin hunturu, ɓacin rai, sai su kwarma ihu. Ciwon na gaske ne, kana jin sa, ba ƙirƙira kake ba. Sai dai ba kullum yake nufin wani sabon abu ya karye ba. Ranar da na gane wannan, rabin tsorona ya tafi, kuma tsoro da kansa yana ƙara wa ciwo ƙarfi.

Abu na biyu, ciwon ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan shi ne abin da nake so ku riƙe fiye da komai a shirin yau. Akwai ciwon tsoka da gaɓa. Shi nauyi ne da tsami, yana ƙaruwa idan ka motsa ko ka daɗe a zaune, yana lafawa idan ka canja zama ko ka huta, kuma kana iya nuna wurin da yatsa. Akwai ciwon jijiya. Shi kuma raɗaɗi ne kamar wuta, ko fizga kamar wutar lantarki ta ja ka, ko tafiyar kiyashi, ko suka kamar allura. Yana zuwa ko kana kwance ba ka taɓa komai ba, wani lokaci a wurin da ba ka ma jin taɓi. Wani zanin gado kawai zai goge shi ya yi ƙara. Sai ɗaurewar tsoka, inda ƙafa za ta sandare ko ta riƙa zabura da kanta, wannan ya fi yawa ga waɗanda lakarsu ta taɓu. Me ya sa nake rarrabewa? Don maganinsu daban ne. Ƙwayar da ke kwantar da ciwon gwiwa kusan ba ta yi wa ciwon jijiya komai. Mutum sai ya yi shekara yana ɗirkar maganin da ba na ciwonsa ba, yana ƙara yawa, yana cewa jikinsa ne ba ya jin magani.

Wani zai ce, a baya na ji rauni, me ya kawo gwiwa da kafaɗa cikin maganar? Jiki kamar gida ne, idan mutum ɗaya ya kwanta sai aikinsa ya hau kan sauran. Idan kana ɗingishi, ɗaya ƙafar ce ke ɗaukar kaya, gwiwarta da ƙugunta su fara ƙorafi. Idan an ɗaure ƙasusuwa biyu ko uku da ƙarfe, ba sa lanƙwasa, sai na samansu da na ƙasansu su riƙa yin aikin da ya fi nasu. Watannin da aka yi a kwance tsoka ta zube, gaɓoɓi sun ƙage, ga ƙiba ta shigo saboda ba motsi. Mai sanda biyu ko mai tura keke kuwa, kafaɗarsa ce ta koma ƙafa, alhali ba a halicce ta don ɗaukar gangar jiki ba.

Yawwa. Yanzu mu zo kemis, don a nan ake yin ɓarnar.

Kowa ya san "haɗi". Ka je ka ce bayanka na ciwo, a ƙulla maka ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba suna ba kwali. Ka sha, wallahi ka ji garau. Tambayar ita ce me ke ciki? Sau da yawa za ka samu diclofenac da ibuprofen da piroxicam a ƙulli ɗaya, alhali 'yan gida ɗaya ne. Haɗa su ba ya ninka sauƙi, illar yake ninkawa: gyambon ciki, zubar jini a ciki, hawan jini, da lalacewar ƙoda. Mai raunin laka da ke fama da ciwon mafitsara a kai a kai, ƙodarsa dama a takure take. Kuma wanda ba ya jin cikinsa sosai saboda raunin, gyambo zai iya cin sa bai sani ba, sai dai ya ga bahayarsa ta koma baƙa kamar kwalta. Duk wanda ya ga haka, asibiti a ranar. Waɗannan magunguna suna da amfani, ni ma ina sha idan gwiwa ta tashi, amma ɗaya tak, bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki, da sanin likita. Da azumi kuma kada ka buɗe baki da su ciki ba komai, jiki a bushe.

A cikin haɗin nan kuma akan jefa dexamethasone ko prednisolone, irin waɗanda wasu ke sha don ƙiba, sha-ka-fashe. Suna kwantar da kumburi nan take, shi ya sa ake son su. Amma idan aka daɗe ana sha, fuska ta kumbura, sukari ya hau, ƙashi ya zama kamar soso, kan ƙashin cinya ma yana iya mutuwa. Ka duba fa, mutumin da ƙashinsa ya riga ya karye, ana ba shi abin da ke cinye ƙashi. Wanda kuma ya riga ya daɗe a kansu, kada ya yanke rana ɗaya, likita ne zai sauke shi a hankali.

Parasitamol shi ne mai sauƙin hali a cikinsu, amma shi ma yana da iyaka. Babban mutum kada ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma ba a lokaci ɗaya ba. Mai ƙaramin jiki ko mai ciwon hanta, ƙasa da haka. Ku riƙa karanta kwali, don maganin mura da yawa akwai parasitamol a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba.

Sai babban, tramadol. Ba sai na gaya wa matashin Arewa mene ne tramol ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, akwai waɗanda ba a majalisa suka koye shi ba, a gadon asibiti suka fara, da takardar likita, da dalili na gaskiya. Bayan tiyata yana da wurinsa. Matsalar ita ce jiki yana sabawa, abin da ya yi maka aiki a watan farko ba zai yi a na huɗu ba. Wanda hukuma ta amince da shi a Najeriya mai miligiram 50 ne da mai 100, amma na bayan fage har mai 225 da 250 ake samu, waɗanda NDLEA ke kamawa. Ko a hannun likita ba a wuce 400 a rana. Idan ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana iya danne numfashi, yana ƙara taurin bahaya ga wanda dama hanjinsa ba ya tafiya daidai. Wani abin mamaki, daɗewa a kan irin waɗannan magunguna yana iya sa jiki ya ƙara jin ciwo. Kun tuna a 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC? Dangi ɗaya ne da tramadol. A benci na zauna da wani bawan Allah, magini ne kafin ya faɗo, ya ce min shi yanzu bai san ko ciwon bayan ne ke tashinsa da asuba ko neman ƙwayar ba. Idan kai ma ka kai nan, ba tsinuwa ce ta same ka ba, magani ne ya kama ka, kuma ana sauka. A gaya wa likita gaskiyar adadin da ake sha, ya tsara ragewa mataki mataki. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da Dawanau a Kano suna wannan aiki.

To ciwon jijiya fa, me ake ba shi? Galibi amitriptyline, ko gabapentin, ko pregabalin. A nan ma akwai rikici. Mutum zai je gida ya duba waya, ya ga amitriptyline maganin ciwon damuwa ne, gabapentin kuma na farfaɗiya, sai ya ce likitan nan ya ɗauke ni mai taɓin hankali, ya jefar. A'a ɗan uwa. Ƙaramin adadi ake bayarwa don a rage kukan jijiya, aikinsu a nan daban ne. Kuma ba sa aiki kamar Panadol, a sha yanzu a ji sauƙi an jima. Sai an yi makonni ana sha kullum, ana ƙarawa kaɗan kaɗan. Suna sa barci da jiri, amitriptyline yana busar da baki yana iya riƙe fitsari, don haka ake fara shi da dare. Ba a yanke su farat ɗaya, haka ma baclofen da ake bayarwa don ɗaurewar tsoka. Pregabalin kuma ya shiga hannun 'yan shaye-shaye, shi ma yana kama mutum, kuma haɗa shi da tramadol haɗari ne ga numfashi. Mace mai ciki ko mai shirin ɗauka ta faɗa wa likita kafin a rubuta mata ko ɗaya.

Gaskiyar da ba a son ji: da wuya ƙwaya ta share daɗaɗɗen ciwo gaba ɗaya. Idan ta rage maka kashi ɗaya cikin uku, har ka samu barci ka iya fita, likitoci suna lissafa wannan a matsayin nasara. Sauran aikin ba a kemis yake ba.

Kafin in je can, maganar gargajiya, don na san sai an tambaya. Masu ɗori suna da tarihi a ƙasar Hausa, ba na raina su. Amma ƙashin baya ba hannu ba ne. Laka tana ciki, kuma idan ta yanke ba ta haɗewa kamar ƙashi. Ja, ko murɗawa, ko dannawa a bayan da ya taɓa karyewa yana iya mai da mai tafiya ya koma kwance. Haka al'adar nan ta kwanciya rubda ciki a ce yaro ya hau ya tattaka baya. Mai ƙarfe a baya, ko wanda ƙashinsa ya yi laushi, ya rufa wa kansa asiri. Tausa mai sauƙi a tsoka ba laifi. Ƙaho, wasu suna cewa suna jin sauƙi na ɗan lokaci, amma ba a yin sa a fatar da ba ta jin taɓi, don ciwon ba zai warke da wuri ba, kuma mai shan maganin tsinka jini ya nisance shi. Gashi da ruwan zafi ma haka. Na ga ƙunar da tawul mai zafi ya yi wa ƙafar da ba ta ji, mai ita yana ta hira bai sani ba. A fara gwada zafin a wurin da ke ji, a sa ƙyalle a tsakani, kada ya wuce minti 15 zuwa 20.

Kun taɓa tambayar kanku me ya sa idan ka buge gwiwa kake murza wurin? A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin cewa akwai wani abu kamar ƙofa a laka. Saƙon taɓi da murzawa yana iya cushe ƙofar, sai saƙon ciwo ya ragu kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Wannan ne ya sa man zafi da tausa da 'yar na'urar nan mai tsikarar fata da lantarki da ake sa wa mutane a sashen fisiyo suke ɗan taimakawa. Suna ba ka sarari ne na awa ɗaya ko biyu. Abin da ka yi da sararin shi ne magana.

Motsi. Na san kalmar tana ba da haushi idan kana jin ciwo. A makonnin farko, lokacin da ƙashi bai haɗe ba, idan likita ya ce kwanta to kwanta, ko juyi sai yadda aka koya maka. Amma da zarar ya ce ƙashi ya kama, kwanciya ta koma abokiyar gaba. Mu kuma a gida tausayi ne ke kashe mu: "kar ka tashi", "bari a miƙo maka", "ki zauna kawai". Wata uku a haka, tsokar da za ta riƙe bayan ta narke, ciwo ya ƙaru, tsoro ya ƙaru, a ƙara kwanciya. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu na gama-gari, irin wanda ba karaya ce ta kawo shi ba. Ta goyi bayan motsa jiki da ilimantar da mai ciwo da kula da tunaninsa, ta ce a guji bel ɗin ɗaure ƙugu da jan baya da na'ura da magunguna dangin tramadol. Namu da ya biyo bayan rauni yana da nasa ƙa'idojin, misali rigar ƙarfe ko bel da likita ya sa ka ɗaura bayan karaya tana da lokacinta. Amma idan lokacin ya wuce kana nan kana ɗaure da ita shekara biyu, ita ke aikin, tsokarka tana barci.

Dabarar da ta fi yi min amfani ita ce auna ƙarfi. Yawancinmu ga yadda muke: ranar da aka tashi da sauƙi, sai a yi wanki, a je kasuwa, a zarce gidan biki, a dawo a kwanta kwana uku. A tashi a maimaita. Likitar fisiyo ce ta ce min in duba agogo, minti nawa nake tafiya kafin ciwo ya taso? Na ce goma. Ta ce to ka riƙa yin bakwai, kullum, ranar daɗi da ranar wuya, kuma ka tsaya a bakwai ɗin ko kana jin za ka iya ashirin. Bayan mako a ƙara minti ɗaya. Da farko abin ya yi min kama da wasan yara, ƙato da ni ina zagaya tsakar gida ina kallon agogo, ƙannena suna dariya. A hankali bakwai ta zama talatin. Haka ake yi wa zama, da tsayuwa, da aikin gida. Ɗan ƙarin tsami bayan atisaye ba abin tsoro ba ne, in dai ya lafa kafin washegari. Idan ya kwana biyu, an yi yawa, a koma baya kaɗan. Irin atisayen kuwa, na ƙarfafa tsokar ciki da ɗuwawu da cinya da miƙe gaɓoɓi, a bar wa likitan fisiyo ya zaɓa. Bidiyon TikTok bai san inda aka sa maka ƙarfe ba.

Cikin gida akwai ƙananan abubuwa da ke cin baya ba a lura. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, a raba ta biyu ko a bar wa wani. Gajeriyar tsintsiya a ɗaura mata sanda. Wanki a ɗora bahon a kan benci maimakon a duƙa. Masai na tsuguno, a samu kujera mai rami a ɗora, kafinta ma zai haɗa maka, a kafa ƙarfen riƙewa a bango. Wajen kwanciya, idan ta gefe ne a sa filo tsakanin gwiwoyi, idan rigingine ne a sa shi ƙarƙashinsu. Katifar da ta lotsa a tsakiya ta gama aiki, amma ba dole sai ka koma kan siminti ba. Doguwar tafiya a mota, a tsaya a miƙe ƙafa duk bayan awa ɗaya in da hali. Adaidaita sahu a titi mai ramuka kuwa, ka roƙi direba ya bi a hankali, ba abin kunya ba ne. Sallah ma, addini ya yi sauƙi, wanda ba zai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, malamai sun yi bayani. Ina ganin samari suna cije baki suna sujada don kada a gan su a kujera a sahu. Ni dai na daɗe da yin sulhu da kujerata.

'Yan uwa masu keke, ku naku ya fi yawa. Kafaɗa jari ce, a tattala ta: tayar keke ta kasance da iska, turawa ta zama doguwa a hankali ba gajeru da sauri ba, wajen sauka daga keke zuwa gado a daidaita tsayinsu, a sa katako mai santsi a zame maimakon a ɗaga jiki duka. A riƙa sauke nauyi daga ɗuwawu duk minti 15 zuwa 30 ta hanyar karkatawa gaba ko gefe, a gado kuma juyi duk awa biyu, a duba fata da madubi kullum. Idan ciwon jijiya ko zaburar ƙafa ya ƙaru haka kawai, kafin a ƙara ƙwaya a duba fitsari, a duba bahaya, a duba fata, a duba farce. Sau da yawa jiki ne ke faɗin wani abu ta hanyar da ta rage masa. Wanda rauninsa yake daga T6 zuwa sama, ku saurara da kyau: idan kai ya sara maka farat ɗaya kamar ana buga guduma, gumi ya keto a fuska, hanci ya toshe, jini ne ya hau sama da gaggawa, kuma yana iya kisa. A zaunar da kai tsaye, kada a kwantar, a sassauta tufafi, a duba robar fitsari ko ta lanƙwashe ko ta toshe. In bai sauka nan da nan ba, asibiti. Ku koya wa duk wanda ke kwana da ku.

Ga kowa kuma, akwai alamun da ba a jira da su. Sabon rauni a ƙafa, ko dindiris a tsakanin cinyoyi da gaba da dubura, ko fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba ba ka sani ba alhali da ba haka kake ba, wannan na awanni ne, ba na sai Litinin ba. Zazzaɓi da ciwon baya, ko wurin tiyata ya yi ja yana ruwa. Ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, jini ne kan iya daskarewa. Sai rama da gumin dare da ciwon da ke ƙaruwa a kwance: tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma a ƙasarmu ba baƙon abu ba ne. Mai sikila da ƙugunsa ya dame shi shi ma a ɗauki hoto, kada a ɗora komai a kan tsohon haɗari.

Saura zuciya, kuma ba don ta fi ƙanƙanta na bar ta a baya ba. Ciwon da ba a gani yana da wulaƙanci. Kana tafiya da ƙafarka, ka yi wanka ka sa shadda, sai a ce ai ya warke, raki ne, son jiki ne. Budurwa ana ce mata ta daina faɗa kada ta rasa miji. Saurayi da ya saba ciyar da gida yanzu ƙaninsa ke ba shi kuɗin kati. Rashin barci yana ƙara ciwo, ciwo yana hana barci, damuwa ta zauna a tsakiya tana hura wuta. Tawakkali da addu'a suna riƙe mu, ni shaida ne, kuma ba sa hana a gaya wa likita cewa zuciya ta yi nauyi. Idan ka kai inda kake jin gara mutuwa, ka faɗa wa wani yau, ɗan uwa ko aboki ko likita. Ku kuma 'yan gida, "Allah ya sawwaƙe, me zan kama maka?" ta fi "har yanzu ciwon ne?" sau dubu.

A ina za a je? Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri da Jos, duk suna da likitocin ƙashi da sashen fisiyo, haka manyan asibitocin jihohi da dama. Layi yana da tsawo, minti kaɗan za ka samu da likita, don haka ka je da shiri. Ka samu ƙaramin littafi ko ka buɗe rubutu a waya, mako biyu kafin ranar: ƙarfe nawa ciwon ya tashi, a ina, wane iri ne, tsami ko wuta ko fizga, maki nawa za ka ba shi daga 0 zuwa 10, me kake yi lokacin, awa nawa ka yi barci. Ka zuba duk abin da kake sha a leda ka tafi da shi, har haɗin kemis da jiƙon gargajiya, ba don a yi maka faɗa ba, don a san abin da ƙodarka ke fama da shi. Ka ɗauki tsofaffin hotunanka da takardar tiyata. Idan za a yi maka MRI ka faɗa musu akwai ƙarfe a jikinka, yawancin na zamani ba sa hanawa amma sai sun tantance. Kuma idan sakamako ya fito ka ga an rubuta faifai ya ɗan turo, kada ka rikice tun a bakin ƙofa, mutane da yawa da ba sa jin ciwon komai in aka ɗauke su za a ga haka. Ka tambayi likita kai tsaye: wanne daga cikin ciwona ne na jijiya, wanne ne na tsoka, me aka hana ni, me aka yarje min?

A shiri na gaba za mu ɗauko maganar da kowa ke kauce wa, fitsari da bahaya da zaman aure bayan raunin laka. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.